Kujerar Iya Tsakanin Daɓe da Rufi

Fagge, Kano
6 ga Oktoba

Ƙanena Habeeb,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgin ruwa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyin Iya. Yara suna gaishe ka, sun ce in tambaye ka ko gaskiya ne kifi ya gundure ka. Da hannu nake rubutawa, in ɗauki hoto in turo maka kamar yadda muka saba, tunda ka ce ba ka samun sabis sai kun matso gaɓa.

Maganar Iya ce ta zaunar da ni. Makon jiya na kai ta wurin likita a Sabon Gari. Ya duba gwiwoyin, ya daɗe yana lallatsawa, sannan ya ce in dai tana da niyyar aikin Hajji to ta yi bana, don baɗi ba zai ɗaukar mata alkawari ba. Sai da muka shiga adaidaita, muka maƙale a cunkoson Bata, sannan Iya ta juyo ta ce, "Morufat, a sayar da sabulun Babanku."

Ka san abin da take nufi, hannun jarin Kamfanin Sabulun Kurciya wanda Baba Fatai, Allah ya jiƙansa, ya riƙa saye kaɗan-kaɗan lokacin da yake sayar da sabulunsu a kasuwar Singa. Ka tuna ranar rabon gado duk mun yarda a bar wa Iya shi, har da kai, duk da cewa ɗan ƙanen Baba ne kai, don a bayanta ka girma kamar mu. To lokacinsa ya zo. An ce za a rufe karɓar kuɗin kujera a ƙarshen Nuwamba.

Na je ofishin Mista Ambrose, dillalin da takardun ke hannunsa, can Sabon Gari a saman wani kemis. Ya ce yanzu kowane hannu ɗaya yana naira talatin da huɗu. Ya ce muddin bai yi ƙasa da talatin ba kujerar Iya ta fita, sai dai in a talatin ɗin aka sayar, kuɗin dillanci sai an nemo shi a aljihu. Ya tambaye ni ko ya sayar. Na ce ya dakata.

Ni dai ban taɓa sayar da kaya ban san kasuwarsa ba. A kasuwar Kwari, inda shagona yake, ko ido a rufe na shafa turmin atamfa zan gaya maka kuɗinsa da wanda zai kai da sallah. Amma wannan kasuwar da ba a ganin kaya, ba a ganin fuskar mai saye, makauniya ce ni a cikinta. Kai kuwa zuwanka na ƙarshe ka cika mana kunne da zane-zanen nan na wayarka, ja da kore, har abincinka ya huce kana ja musu layi. To Injiniya, ga ranarka. Ka duba mini, yaushe zan sayar?

Iya ta ce ka riƙa sa rigar sanyi, wai ta ji teku iska gare shi.

Yayarka,
Morufat

*

Tashar jiragen ruwa ta Tema
11 ga Oktoba

Anti Morufat,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki jiya da muka iso. Ina lafiya, alhamdu lillahi. Ki gaya wa yara gaskiya ne, ko ƙamshin kifi ba na son ji. Labarin gwiwar Iya ya dame ni ƙwarai. Ki durƙusa ki gaishe mini da ita, ki ce ina sa rigar sanyin.

Yau dai zane-zanen nawa sun yi rana ke nan? Na gode. Na buɗe tarihin farashin Kurciya na shekara guda na zauna a kansa, ga abin da na gani.

Akwai layi biyu. Masu harkar suna ce musu sapot da rezistans, ni kuwa daɓe da rufi nake ce musu. Daɓe shi ne farashin da in kaya ya faɗo kansa, masu saye kan ga ya yi araha su yi caa a kai, sai ya daina faɗuwa. Kin san shi a Kwari: akwai kuɗin da in atamfa ta sauko, 'yan sari sai su kwashe ta. Rufi kuwa shi ne farashin da in an kai, masu kaya a ajiye kan fito da shi gaba ɗaya, kaya ya yi yawa, farashi ya juyo. Ba sihiri ba ne, halin mutane ne, sun tuna inda suka saya da inda suka sayar a baya.

Daɓen Kurciya yana talatin da ɗaya. Sau uku ya sauko nan ya tashi. Rufinsa yana talatin da takwas, shi ma sau uku ya bugi nan ya dawo. Yanzu yana hanyar hawa ne.

Ga shawarata. Ki je wurin Mista Ambrose ki ce ya ajiye umarnin sayarwa a talatin da bakwai, ƙasa da rufi kaɗan, don kada ki shiga turmutsutsun masu jira a talatin da takwas. Da ya kai, na'ura za ta sayar ko kina shago. Kujera ta fita, ga guzurin Iya a kai. In kuma bai hau ba, ya juyo ya kusa daɓe, ki sayar a nan ɗin ma. Kada ki yarda ki tsaya kallo ya fasa daɓe, don tsakanin daɓe da kuɗin kujera naira ɗaya ce tak.

Don cikar bayani: wani lokaci farashi kan fasa rufi ya zauna a samansa kwana da kwanaki, in haka ta faru yakan yi nisa sosai. Amma mu ba wannan muke nema ba. Kujera muke nema.

Jibi za mu tashi, kuma wannan tafiyar doguwa ce, zan yi makonni ba sabis. Ki ajiye umarnin ki manta da shi, Anti.

Ƙanenki,
Habeeb

*

Fagge
23 ga Oktoba

Habeeb,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, Iya ma da sauƙi, maganin shafawar ya karɓe ta.

Albishirinka! Rufin naka ya fashe.

Bari in ba ka labari tun daga farko. Na ajiye umarnin kamar yadda ka ce. Amma ka san ni, ba na barin kaya a hannun wani in tafi in yi barci. Kullum da hantsi sai in bar shago in leƙa ofishin Mista Ambrose, akwai wani allo a bango da ke nuna farashi. Ranar Litinin na ga ya kai talatin da shida da rabi, da gudu kuwa, ba wani jan ƙafa. Nan take jikina ya ba ni. Habeeb, shekara nawa ina ciniki? Mai sayen da ya zo ya tayi kaya da sauri har ya kusa kuɗin da kake so, bai yi ko tsaki ba, to akwai saura a aljihunsa. Irin wannan ba a sallama masa. Albarka ake ce masa, ya taka ya je bakin layi, ya dawo ya ƙara. Na ce wa Mista Ambrose ya cire umarnin.

Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Madam, wannan fa ba Kwari ba ne. Wa za ki ce wa albarka?" Na ce masa kasuwa duk kasuwa ce, mutane ne a bayan allon nan ba aljanu ba. Ya ce in sa hannu a takarda cewa ni na ce. Na sa.

Jiya da rana sai ga shi a talatin da takwas da rabi! Ya wuce rufin naka. Gaskiya kafin a tashi ya ɗan dawo talatin da bakwai da wani abu, amma ai mai saye ne ya je bakin layi. Kai da hannunka ka rubuta cewa in ya fasa rufi yakan yi nisa sosai. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga.

Kada ka ce kwaɗayi ne, ka saurare ni. Ranar da muka dawo daga asibiti, ni na ga yadda Iya ta hau matakala uku na ƙofar gida. Sai da ta huta a na biyu. Wannan matar ce za ta yi ɗawafi cikin miliyoyin mutane, ta yi Safa da Marwa, ta je jifa? Wa zai tura mata keke? Wa zai san ba ta iya tsugunno? Na yi lissafi, in farashin ya kai arba'in da 'yan kai, na haɗa da abin da zan iya cirewa a shago, kujera biyu za ta fita. Ni zan riƙe ta.

Ban gaya mata ba tukuna, so nake sai abin ya tabbata. Wanda ya riga ka kwana dai zai riga ka tashi, Injiniya.

Yayarka,
Morufat

*

Fagge
5 ga Nuwamba

Habeeb,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Takardata ta baya har yanzu alama ɗaya ce a kanta, ba ta shiga wayarka ba. Wane irin teku ne wannan?

Mai sayen nan bai dawo ba. Tun ranar da na rubuto maka farashin ke zamewa, talatin da shida, da biyar, ya ɗan tsaya, yau yana talatin da biyu. Mista Ambrose ya ce abin da ya faru ran nan ba fasa rufi ba ne, leƙe ne kawai, ya sa kai ya ga masu sayarwa jibge ya koma. Na sake karanta takardarka, na ga inda ka ce sai ya zauna a sama kwana da kwanaki. Wallahi idona bai tsaya a nan ba da farko.

Ya ce in sayar yanzu, kujerar Iya na nan daram. Na san kai ma haka ka rubuta. Amma ta yaya zan ƙi talatin da bakwai in zo in karɓi talatin da biyu? A Kwari wanda ya yi haka sai an yi shekara ana ba da labarinsa. Kuma ai ga daɓe nan kusa. Ka ce sau uku yana taɓa shi yana tashi. In ya tashi na huɗu, na rantse a talatin da bakwai zan sallama, ba zan ƙara kwabo ba, na haƙura da tawa kujerar.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne Iya ta riga ta gaya wa duniya. Matan layinmu sun fara ce mata Alhaja, tana cewa su bari sai ta dawo, amma bakinta ba ya rufuwa don murna. Ta sa an fito da tsohon akwatin Baba an goge. Kullum bayan la'asar tana zagaya tsakar gida da sanda, wai tana koya wa gwiwa ɗawafi. Jiya ta ce, "Morufat, an kai kuɗin kuwa?" Na ce ana kan takardu. Ta ce, "To madalla, Allah ya yi miki albarka." Da ta ambaci kalmar nan ta albarka, sai na kawar da kai.

In ka samu sabis ko na minti ɗaya ne, ka ce mini wani abu.

Morufat

*

Fagge
12 ga Nuwamba

Habeeb,

Ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Muna raye.

Daɓen ya fashe. Ranar Alhamis ya sauko talatin da ɗaya, na ce to ga wurin tashi. Juma'a ya wayi gari a talatin ba kaɗan. Kafin in gama shawara da zuciyata ya zarce ashirin da tara. Yau ashirin da bakwai. An ce wai ribar kamfanin ta wata uku ba ta kai yadda ake zato ba, kowa na zubar da nasa.

Ina daɓen naka? Sau uku, sau uku, ka cika ni da sau uku! Ka zauna a kan ruwa ka ja layi da yatsa, ni kuma na ɗora kujerar tsohuwa a kai. Da ban tambaye ka ba, da tun ranar farko na sayar a talatin da huɗu na huta. Na san me za ka ce, za ka ce ka gaya mini. To ka gaya mini, sai me? Kana ina da abin ke faruwa?

Yanzu ko na sayar kuɗin bai kai ba, kuma giɓin ya fi ƙarfin abin da ke shago a hannu, jarin duk yana cikin kaya. Mista Ambrose ya ƙara mini da cewa ko an sayar, kuɗi na ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya shigo asusu, don haka kada in ɗauka ina da lokaci har ƙarshen wata. Mutumin kirki ne, bai ce mini "ai na faɗa miki" ba ko sau ɗaya. Ruwa ya ba ni da ya ga na zauna a benci na kasa tashi.

A shago jiki kawai nake kaiwa. Wata ta tayi leshi shekaranjiya, har ta gaji ta tafi ban san me ta ce ba. Abinci ba ya wucewa. Iya ta lura, ta ce ko masassara ce, ta sa aka dafa mini ganye. Ta zauna a gefena tana yi mini fifita, tana ba ni labarin addu'o'in da za ta yi mana a gaban Ka'aba, kowa da tasa, har da ta aurenka. Habeeb, tsoro nake ji. Ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Morufat

*

Tashar jiragen ruwa ta Luwanda
16 ga Nuwamba

Anti Morufat,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Yanzu muka iso, takardunki uku suka shigo a tare, na karanta su a tsaye. Ta farko ta sa na dafe kai, ta biyu na zauna, ta uku kuwa sai da na fita waje na sha iska.

Ke babba ce, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Raina ya ɓaci. Abu biyu na roƙe ki, ki sayar a ƙasan rufi, in ba haka ba ki sayar a kan daɓe, kika ƙi duka biyun, sannan ni ne mai laifi? A Kwari mai saye yana dawowa ne don ke ce mai kalar da yake so, kuma yana jin kunyarki. A wannan kasuwar dubban mutane ne ke riƙe da irin kayanki sak. Kina cewa albarka, wani ya ce na sallama, an wuce wurin. Kuma ban taɓa cewa daɓe ba ya fashewa ba. Layin nan ba duba ba ne, yana gaya miki inda za ki yi shiri ne, da inda za ki gudu.

Na huce. Da na kai inda kika ce ke za ki tura mata keke, na kasa ci gaba da fushi. Ni ma na yi wannan tunanin, kuma ni ko albashina ba zan taɓa ba sai kwantiragi ya ƙare a Janairu. Na tambayi kyaftin, ya ce ba hanya.

Yanzu ki saurara da kyau, akwai sauran ƙofa guda, amma ƙarama ce. Na duba, ya daina faɗuwa a ashirin da bakwai, har ya fara ɗagowa. Sau da yawa in daɓe ya fashe, farashi kan dawo ya taɓa shi ta ƙasa. Amma a lokacin ya daina zama daɓe, ya zama rufi. Dalili kuwa ke ce dalilin. Duk wanda ya saya a talatin da ɗaya abin ya rufta da shi, yana nan zaune kamar ke, yana rantsuwa in ya dawo zai sayar ya tsira da uwar kuɗinsa. Da ya kusa wurin, dukkansu za su fito a tare.

Don haka kada ki jira talatin da ɗaya. Ki riga su. Gobe ki ajiye umarni a talatin cif. Zan gaya miki abin da zai faru in ya fara hawa: mutane za su ce kasuwa ta farfaɗo, za su ce arba'in za shi, zuciyarki za ta ce ga mai sayen nan ya dawo. Wataƙila ma su yi gaskiya, ban sani ba, ba wanda ya sani. Amma ba da kujerar Iya za a gwada ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kuma zai yiwu bai dawo ba sam. In haka ta faru, kada ki gaya wa Iya ke kaɗai. Ki jira ni, ranar Asabar muna nan a gaɓa, zan kira mu gaya mata tare.

Don girman Allah, Anti, kada ki cire umarnin.

Ƙanenki,
Habeeb

*

Fagge
9 ga Disamba

Ƙanena Habeeb,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Mu nan lafiya ƙalau, yara na jarrabawa. Na san saƙona na kalma biyu ya same ka tun kuna gaɓa, amma ka cancanci cikakken labari.

Na ajiye umarnin washegarin da takardarka ta zo. Mista Ambrose ya ce, "Madam, wannan karon ki koma shago." Ban koma ba. A bencinsa na tare, ina kallon allo. Ashirin da takwas, ya koma baya, ya sake hawa. Ranar Alhamis ya shiga ashirin da tara, kuma ita ce ranar ƙarshe da in an sayar kuɗi zai iso kan lokaci.

Duk yadda ka faɗa haka aka yi. Ofishin ya cika. Wani dattijo mai jar hula, wanda ya ce tun ana rubuta farashi da alli yake harkar, ya riƙa buga sanda yana cewa, "Kurciya ta tashi! Duk wanda ya sayar yau zai yi kuka kafin sabuwar shekara." Da azahar saura kwabo goma ya kai talatin, kuma da gudu yake tafiya, irin gudun nan na ran nan. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Mista Ambrose, tsaya."

Ya ɗora yatsa a kan na'ura ya juyo yana kallona. Habeeb, kalmar tana bakina, na ji ɗanɗanonta. Shekara ashirin da wani abu ina faɗinta, ita ta gina mini shago, ita ta biya kuɗin makarantar yara. Sai na tuna da safen nan na baro Iya a tsakar gida da sandarta, ta kai zagaye na biyar tana haki, ta ƙi zama wai sai ta cika bakwai.

Na ce, "Bar shi. Na sallama."

Ba a daɗe ba ya ce an sayar duka. Na fito na sauko matakala, na zauna a bakin kemis ɗin na yi kuka sosai, mutane na wucewa suna kallona.

Kuɗin dillancin a shago na cire shi. Akwai leshin nan mai ruwan zuma da na ɓoye tun bara ina jiran bikin manya. Madam Philomena ta Sabon Gari, wadda ta daɗe tana nacinsa, ta zo ta taya, tayin farko na ce ta kawo. Ta riƙe jakarta ta ja da baya ta ce, "Mama Morufat, lafiyarki kuwa? Yau ba albarka?" Na ce yau babu. An kai kuɗin kujera, an ba mu rasit, sunan Iya ya fito.

Bayan mako guda Mista Ambrose ya kira, ya ce ko ina so in ji inda Kurciya ta kai. Na ce a'a. Wannan dai ƙa'idar Kwari ba ta yi ƙarya ba, kayan da ka sallama ba ka bin sa ka ji nawa aka sake sayar da shi. Kai ma kada ka gaya mini, ko sama ta yi ko ƙasa.

Na gaya wa Iya komai da bakina, ban jira ka ba. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ashe shi ya sa ganyen bai yi miki aiki ba." Can kuma ta ce, "Da kin tambaye ni, da na ce miki ko da rarrafe ne zan je." Kaosarat ta gidan kusa da masallaci za ta tafi bana ita da mijinta, ta yi alkawarin tura keken. Yarinyar kirki ce. Na fara koya mata yadda ake ɗaga Iya daga zaune, da wace gwiwa ce ba a taɓawa.

Shekaranjiya wani maƙwabcinmu da ya je bara ya kawo wa Iya ragowar yadin alhazai da bai ɗinka ba, ya ce ta fara gwada ɗinki da shi kafin a raba na bana. Ta miƙo mini ta ce in kai wa tela. Ka san hannun mai sayar da yadi, ban san lokacin da na ware shi na auna daga yatsa zuwa kafaɗa ba. Na auna, na sake aunawa. Iya na kallona. Ta ce, "Ko sau nawa kika auna, Morufat, na mutum ɗaya ne." Sannan ta jawo ni ta dafa kaina, ta ce addu'ar farko da za ta yi in ta ga Ka'aba ita ce Allah ya kira ni, ko da babu ita.

Ka dawo lafiya a Janairu. Ka zo da wayar taka, ka zauna ka koya mini layukan nan tun daga farko, wannan karon zan karanta har ƙarshen jimla. Iya ta ce kada ka cire rigar sanyi.

Yayarka,
Morufat